Shafin Shamuwa

Ran nan jikata ta dawo daga makaranta a nan Gorton, unguwarmu a Manchester, ruwa ya jiƙa mata takalma sharkaf, ta zaro littafin karatunta daga jaka ta ɗora mini a cinya. Kafin in san abin da nake yi na kai shi hanci. Ta ce, "Kaka, ba a shinshina littafi, karantawa ake yi." Na ce mata kowa da ƙofar da yake bi ya shiga gida. Ni a boko ko bihim ban sani ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗar haka ba, a gaban likitan da suke ce wa GP ne ko a ofishin hukuma da suke ce wa council. Amma ƙanshin takarda da gam ɗin nan ya ɗauke ni cak, ya dire ni a gindin tagar makarantar ƙauyenmu, da farantin gyaɗa a cinya. Ita jikar tawa ce take rubuta muku wannan, ina faɗa tana bugawa. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ƙauyenmu yana gabas da Kano. Jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan gonakinmu amma ba ya tsayawa. Makarantar elementare ɗaki biyu ce, ginin ƙasa da rufin kwano. Da dagaci ya ce kowace unguwa ta ba da yara, babanmu ya ba da yayana, wanda ya girme ni da shekara biyu. Ni ba wanda ya kawo zancena, ni ma ban kawo ba. Aikina talla ne. Inna ta dafa gyaɗa in sabuwa ce, ta soya in ta bushe, in kai wa 'yan makaranta lokacin hutun tara. Sai dai ni tun kafin a kaɗa ƙararrawa nake zuwa, in raɓe a inuwar darbejiya daidai taga, ba na tashi sai an tashi.

Littafin karatunsu koren bango gare shi, kusan kowane shafi da hoto a samansa. Akwai waƙoƙi a ciki, akwai gajerun labarai, akwai kuma karatu a kan halittun Allah: ƙudan zuma, kuka, hawainiya, yadda hadari yake haɗuwa, yadda ƙwayar gero take tsaga ƙasa. Malam ya karanta layi, yara hamsin su amsa da murya ɗaya har kwano ya yi amo. Ina waje ina amsawa a zuci. Har yau in kun tashe ni daga barci zan kawo muku ta gara:

Gara ba ta da kwando, ba ta da tsani,
Da baki take gini, ta fi magini.

Abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ba yabon kai ba ne, gado ne. Kakarmu, uwar babanmu, ita ce mai tatsuniyar unguwa, daga gidaje huɗu ake turo mata yara. Kuma ba ta taɓa ba da labari iri ɗaya sau biyu ba. Takan ce labari miya ne, yau ki sa masa daddawa, gobe ki ƙara gishiri, wanda ya ɗumama wa mutane miyar jiya bai ɗauke su a bakin komai ba. A gindinta na tashi, da wannan karatun aka yaye ni.

Yayana kuwa Allah ya ba shi nasa. A lissafi duk ajin babu mai kamo ƙafarsa, kafin malam ya gama rubutawa ya ba da amsa. Da karan dawa yake ƙera jirgin ƙasa mai taragu biyar, ƙafafunsa suna juyawa. Burinsa ɗaya a duniya, ya zama direban jirgin nan da yake wuce mu ba ya tsayawa. Amma da an ce ya karanta, sai ya daskare. Malam ya ce lalaci ne. Kullum bulala. Wata rana da la'asar na same shi a bayan rumbu, ya ɗaga riga yana shafa wa bayansa ƙasa mai sanyi, littafin yana yashe a gefe.

Ya ce mini, "Baƙaƙen ba sa tsayawa. Da na kalle su sai su kama tafiya kamar kiyashi."

Ban gane ba, don ni duk baƙaƙen duniya kiyashi ne a wurina. Na ce ya nuna mini shafin da aka dake shi a kai. Ya buɗe, na ga hoton suri. Na ce ai wannan na gara ne, na zubo masa shi daga farko har ƙarshe, har da wurin da malam yake tsayawa ya ja numfashi. Ya saki baki yana kallona. Sannan ya ce, "Sake."

Daga ranar muka kafa makarantarmu a bayan rumbu. Inna tana zaton ciyawar akuya muke yankowa. Ya buɗe shafi, in kalli hoto, in faɗi abin da yake tafiya da hoton, ya maimaita har ya zauna masa. Shafukan da ba su da hoto, lambar da ke ƙasansu yake riƙewa, tunda lambobi ba sa yi masa tafiya. Ni na koya masa ya riƙa jan yatsa a kan layi yadda na ga sauran yara suna yi, ya ɗan yi jinkiri nan da can don kada a ce ya cika santsi. Bulala ta ɗauke. Malam mutum ne da kunnensa tuntuɓe kawai yake jira. In yaro yana karatu ba gargada, shi yana can yana duba allunan wasu. In aka zo shifta yayana ya rikice, sai ya ce hannunsa ne bai kamo bakinsa ba, zai kamo. Har monita ya naɗa shi. Shekara biyu muna haka, ba wanda ya sani, daga ni sai shi sai akuyar da take kwana da yunwa.

A ƙarshen aji huɗu mai duba makarantu yakan zo daga birni ya zaɓi yara huɗu da za su wuce babbar makaranta. Wanda ba a zaɓa ba, karatunsa ya ƙare ke nan sai in an yi masa alfarma. Babanmu ba mai yawan magana ba ne. Ya faɗa sau ɗaya, yana wanke hannu bayan tuwo: "In an ɗauke ka, ka tafi, na yafe wa gona kai. In ba a ɗauke ka ba, ga fartanya can." Yayana ya kalle ni ta gefen ido. Daga ranar muka ƙara lokacin bayan rumbu.

Yanzu ga inda ɓarnar ta shigo. A cikin littafin akwai shafin shamuwa. Gajere ne. Ya ce tsuntsuwa ce baƙa, ƙirjinta fari, tana zuwa gab da damina, tana sheƙa a kan dogayen itatuwa a cikin gari, tana cin fara, in ruwa ya ɗauke ta tafi. Mu kuwa akwai tsamiya a tsakar gidanmu da shamuwa take sauka kowace shekara. Da farkon daminar nan, kakarmu tana zaune a gindin tsamiyar tana kaɗi, ta ji yayana yana bitar shafin. Ta ajiye mazari ta ce, "Shi ke nan? Wanda ya rubuta wannan daga nesa ya hango ta." Ta ce mana mu ɗaga kai. Ta nuna mana yadda shamuwa ba ta sabuwar sheƙa in tsohuwarta tana nan, gyara ta take yi. Yadda mace da namiji suke karɓa-karɓa a kan ƙwai. Yadda in rana ta take, uwar takan buɗe fukafukai ta yi wa 'ya'yan inuwa, uban ya tafi rafi ya ɗebo ruwa a baki ya zo ya zuba musu a ka. Muka tsaya har muka gani da idonmu, ruwan yana ɗigowa ta cikin ganye.

Wallahi ban yi niyyar sa wannan a cikin karatun ba. Amma ku tuna wadda ta yaye ni. Wata biyar ina maimaita wa yayana shafin nan, yau in ƙara kalma, gobe in ƙara layi, har maganar kaka da maganar littafi suka zama tuwo ɗaya a bakina. Shi ba ya iya dubawa ya ce mini babu wannan. Ni ba na iya dubawa in ga na wuce gona da iri. Shafin ya yi tsawo ya yi daɗi, ya zama wanda muka fi so.

Mai duba makarantu ya zo bayan an ɗaure gero, da hantsi, a kan babur. An share filin makaranta, an yayyafa ruwa, an jera duwatsu an shafa musu farar ƙasa. Dagaci ya zo, iyaye maza suka tsaitsaya a bakin ƙofa da tagogi. Babanmu ya sa rigarsa ta Jumma'a. Da safen nan yayana ko koko bai iya sha ba. Na bi shi har bakin hanya ina ce masa ya kwantar da hankalinsa, babu shafin da ba mu sani ba. Na samu wurina a ƙarƙashin taga, tsakanin ƙafafun manya, na leƙa.

Mutumin siriri ne mai tabarau, muryarsa sanyi ƙalau, irin sanyin da ya fi tsawa ban tsoro. Da lissafi ya fara. Yayana ya cinye duka, har mutumin ya ɗago ya dube shi sau biyu ya rubuta wani abu a takarda. Na ga babanmu ya gyara tsayuwa. Sannan aka zo karatu. Yara suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, shi yake buɗe shafin da ya ga dama ya miƙa, ya riƙe nasa kwafin yana bi da yatsa. Wannan ne abin da ban taɓa gani ba. Malam ba ya bin karatu da yatsa.

Aka kira yayana. Mutumin ya buɗe, ya miƙa masa. Daga inda nake na hango hoton doguwar ƙafa da dogon baki. Na ce alhamdu lillahi a zuci.

Ya fara. Murya tas, yatsa yana tafiya, yana jinkiri inda na koya masa. Baƙa ce, ƙirjinta fari. Tana zuwa gab da damina. Ya wuce sheƙa, ya shiga gyaran tsohuwar sheƙa. A nan na ga yatsan mai duba makarantu ya tsaya. Ya koma baya, ya sake saukowa, ya tsaya. Yayana ya shiga karɓa-karɓa a kan ƙwai. Yaran da suke riƙe da littattafansu suka fara kallon juna. Malam ya matso ya leƙa ta kafaɗar wani yaro, na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Yayana bai ga kowa ba, kansa yana kan takarda. Yatsansa ya kai ƙarshen shafi, magana ba ta ƙare ba, sai ya mayar da shi tsakiya ya ci gaba. Uwar ta buɗe fukafukai. Uban ya ɗebo ruwa a baki. Ya dire, ya rufe littafi, ya ɗago yana jiran a ce madalla.

Ajin ya yi tsit, har ana jin kwano yana ƙara saboda zafin rana.

Mutumin ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce, "Karatu mai daɗi. Buɗe, nuna mini inda aka rubuta yana kawo ruwa a baki."

Yayana ya buɗe. Yatsansa ya yi ta shawagi a kan shafin kamar kaza tana neman wurin ƙwai, ya sauka a wani wuri. Mutumin ya girgiza kai. Ya ɗora nasa yatsan a kan kalma guda ya ce, "Wannan fa?" Yayana ya ƙura mata ido. Mutumin ya nuna wata. Yayana ya ce damina. Wani yaro a baya ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Mutumin ya nuna ta uku. Yayana ya kau da ido daga shafin.

"Wa ya koya maka?"

Yayana ya sunkuyar da kai.

"Yaro, ba dukanka zan yi ba. Wa ya koya maka abin da babu a littafi?"

Ya ƙi magana. Ya san in ya faɗa, babanmu zai san inda tallata take ƙarewa. Malam kuwa kunya ta hau masa kai, a gaban babbansa, a gaban dagaci. Ya fizgo bulala daga kan tebur ya ce yau sai ya faɗa. Ya ɗaga hannu. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji muryata ta ce, "Ni ce."

Aka shigo da ni da farantina a ka. Mutumin ya dube ni daga sama har ƙasa, ƙafafuna duk ƙura. Ya ce, "Ke aji nawa kike?" Na ce, "Gyaɗa nake sayarwa." Tagogi suka ɗauki dariya. Ya ce in gaskiya nake faɗa, in kawo masa shafin farko. Na sauke faranti, na gyara zani, na kawo. Ya ce na biyu. Na kawo. Ya tsallaka ya ce waƙar hadari, na rera ta da muryar malam sak, har da ɗan tarin da yake yi a tsakiya. Labarin makiyayi da rijiya, na ba da shi na ƙara masa abin da ya rasa. Ya yi ta juya shafi ina zubowa, har sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Wani dattijo a taga ya ce, "Ikon Allah!" Sai tafi ya ɓarke, yara da manya.

Zan faɗa muku gaskiya tunda na tsufa. Na ji daɗi. Yayana yana tsaye a gefen allo, kansa a ƙasa, hawaye yana ɗiga a kan yatsun ƙafarsa, ni kuwa ina tsakiyar aji ƙirjina ya cika fal. Shekara huɗu ina wajen tagar nan, yau ga ni a ciki ana tafa mini. Ko waiwayarsa ban yi ba.

Mai duba makarantu ya sa aka kira babanmu gaba. Ya yi masa magana a hankali, amma kowa ya ji. Ya ce a lissafi bai ga kamar yaron nan ba a duk makarantun da ya zaga, amma ba zai iya ɗaukar wanda bai san baƙi ba. A bar shi ya maimaita shekara, a koma da shi tun daga farkon baƙaƙe, in ya dawo baɗi zai sake gwada shi. Yarinyar kuma a ba makaranta ita. Babanmu ya ce, "Na ji, ranka ya daɗe." Aka karanta sunaye huɗu.

A hanyar gida babanmu yana gaba, rigar Jumma'a tana kaɗawa, yayana yana tsakiya, ina baya da gyaɗar da ban sayar ba. Sai da muka shiga zaure ya juyo. Bai dake mu ba, da ma ya dake mu. Ya ce, "Shekara huɗu ina zaton ɗa na kai makaranta, ashe aku nake kiwo. Kuma a gaban dagaci." Ya ce daga yau ƙafar ɗayanmu kada ta sake taka filin nan.

Kwana uku kakarmu tana fama da shi. Ta ce laifin nata ne, ita ta tsoma baki a zancen tsuntsuwa. Ta ce mutumin nan shekara ɗaya kawai ya roƙa, shekara ɗaya me ce ce a rayuwar yaro. Ta ce kunya ba ta kisa, in an kwana biyu wani abin zai faru a gari a manta da namu. Ta ƙi cin tuwon gidan, ta juya masa baya in ya zo gaisuwa. Babanmu bai taɓa mayar wa uwarsa magana ba. Ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Iya." Sannan ya tashi ya yi abin da ya yi niyya. Da hannunsa ya mayar wa malam littafin. Ko fartanyar ma bai bari yayana ya riƙe ba, don ba ya son ganin yara suna nuna shi a hanya. Kafin wata ya cika aka tura shi Zariya wurin kawunmu mai gyaran keke. Ranar da zai tafi ya yi sallama da kowa, har da akuya ya shafa. Ni ya wuce ni kamar turmi.

Bai tuƙa jirgi ba. Daga keke ya koma babur, daga babur ya koma manyan motoci, ya zama bakanike da ake zuwa nema daga nesa. Sai da ya haura arba'in babbar 'yarsa ta zaunar da shi ta koya masa baƙi, a hankali, kalma ɗaya ɗaya. Ita ce nas a Birmingham yanzu, ita ta ɗauko shi bayan rasuwar matarsa, suna zaune a unguwar Lozells. Ni kuma ɗana ya kawo ni Manchester. Mun shirya tuntuni, ba a raba jini. Amma sama da shekara sittin, zancen ranar nan bai taɓa shiga tsakaninmu ba.

Ba wai na daina ba da labarin ba ne. Ina ba da shi, ya ma fi kowanne fita a bakina. A gidan biki, a gidan suna, a wurin matan da muke haɗuwa a unguwar Old Trafford bayan sallar Jumma'a. In kwaikwayi mai tabarau, in kwaikwayi malam da tarinsa, in ce gyaɗa nake sayarwa a faɗi ƙasa don dariya. In kai wurin tafi, in tsaya.

Da ƙaramar Sallar bana muka hau doguwar motar da suke ce wa coach zuwa Birmingham. Gidajen Lozells kun san su, a manne da juna, falo kamar akurki, ga jikoki sun cika shi har kan matakala. Bayan an ci an sha suka ce sai na ba su labari. Na ɗauko wannan. Yayana yana kujerarsa kusa da hita mai ɗumama ɗaki, sanda a tsakanin ƙafafu. Na zuba, yara suna dariya, waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba ana fassara musu. Na kai wurin tafi na ce shi ke nan.

Ya ce, "Ki ƙarasa."

Na ce, "Yaya, ai ya ƙare."

"Bai ƙare ba. Wa aka ɗauka zuwa birni?"

'Yarsa ta fito daga kicin da cokali a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba ni yake kallo ba. Jikarsa yake kallo, 'yar shekara takwas, da take zaune ita kaɗai a matakala ba ta yi dariya ba tun da na fara. Daga baya na ji cewa wata biyu ke nan kullum da safe sai ta ce cikinta yana ciwo, an kai ta wurin GP ba a ga komai ba. Sai makaranta ta aiko da takarda cewa baƙaƙe ne suke yi mata yawo, abin har suna gare shi da Turanci, kuma akwai malamar da aikinta ke nan. Yarinyar ta ce ba za ta je ba, ita daƙiƙiya ce kawai.

To, na ƙarasa. Na faɗi bayan rumbu da kiyashi. Na faɗi shekara biyun da na ɓoye shi har malam bai san yana buƙatar taimako ba. Na faɗi yatsan da ya yi ta shawagi, da sunaye huɗun da babu nasa, da Zariya. Na faɗi cewa na ji daɗin tafin. Yarinyar ta sauko daga matakala, ta je ta tsaya a gaban kakanta, ta tambaye shi da Turancinsu na Birmingham wai da gaske shi ma suna yi masa tafiya. Ya ce har gobe. Ta ce amma ai shi yake gyara motar babanta. Ya ce to, ta gani.

Da za mu tafi, ina sa kwat a ɗan lungun bakin ƙofa, ya taso da sandarsa ya raka ni. Ni ba mai saurin ba da haƙuri ba ce, duk wanda ya san ni ya sani. Na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya ce, "Wanne? Taimakon ko tafin?"

Na ce duka.

Ya ce, "Taimakon na yafe tun ina liƙin taya. Tafin ne ya daɗe." Ya gyara mini wuyan kwat ɗin ya ce in yi sauri kada motar ta bar ni, don shi ba shi da wurin ajiye tsohuwa mai surutu.

A hanyar dawowa ban runtsa ba. Ina kallon gonakin Turawa ta gilashi ina tunanin yadda zamani ya juya. Abin da aka yi ta dukan yaro a kai, aka kira shi malalaci, aka kira shi aku, yau ga shi da suna, da malama, da takarda daga makaranta. Littattafan yaran nan sun fi koren littafin can kyau nesa ba kusa ba, hotuna kamar ka taɓa. Ba na jin akwai yaro a cikinsu da zai haddace littafi guda daga bakin taga, kuma da can nakan faɗi haka da alfahari. Yanzu na rage faɗa. An ce yarinyar ta fara zuwa wurin malamar, kakanta ne yake raka ta, ya zauna a kujerar baya da sandarsa har a gama.

Jumma'ar da ta wuce matan Old Trafford suka ce in ba su na mai gyaɗa, akwai baƙuwa da ba ta taɓa ji ba. Na ba su shi har ƙarshe. Shayi ya huce a kofuna. Can wata ta ce, "Hajiya, na da ya fi daɗi."

Na ce mata na sani.